Godiya ga mai shagon falle a 'Yan Katako, Na'ibawa

Assalamu alaikum, Alhaji. Mu ne masu haɗa akwatin wasan gem na tsaye, irin mai sikirin a sama da hannun wasa da maɓallai a gaba. Mun ga ya dace mu yi godiyar nan a bainar jama'a, domin a shagonka ana tambayar mutum abin da zai haɗa kafin a ce masa ga kaya.

Akwatin mai tsayin kusan ƙafa 6 da faɗin ƙafa 2 yakan ci falle uku masu ƙafa 4 da ƙafa 8, kaurin milimita 18. A kaurin nan ake cutar mutane. Falle da yawa sunansa 18 ne kawai, in an auna sai a tarar 16 ne ko 15. Robar da ake zagaye gefen akwati da ita kuwa don kaurin inci uku bisa huɗu, wato kusan milimita 19, aka yi ta, in fallen ya gaza sai ta yi leɓe ta kowane gefe. Yaranka a gaban mai saye suke aunawa. Wannan kaɗai ya isa a gode.

Shawararka kan MDF (fallen garin katako da aka matse da gam) da filawud ma daidai take. MDF sumul yake, yana shan fenti, yana yankuwa a lanƙwashe ba tare da tsagewa ba. Amma yana da nauyi, falle ɗaya yakan kai kilo 40, kuma shi da ruwa ba sa ga maciji. Da zarar gindinsa ya taɓa danshin damina ko ruwan goge ɗaki, sai ya kumbura kamar burodi, ba ya komawa. Gefensa kuma ba ya riƙe sukuru. In ba a fara huda ƙaramin rami ba, darewa yake. Shi ya sa ka ce a sa tu-bai-tu, wato katako mai inci biyu da biyu, daga ciki, da gam, sukurun ya kama shi. Gindi da wurin da hannu ke dukansa kullum a yi su da filawud mai kyau, marar rami a cikinsa, a ɗora akwatin kan tayoyi ya bar ƙasa. Fallen burbushin katako dai ka hana gaba ɗaya, kuma gaskiyarka, ƙaura biyu ba ya kaiwa.

Tu-bai-tu ɗin ma busasshe kake zaɓowa. Ɗanye in hunturu ya shigo murɗewa yake, ya ja gefen akwati da shi.

Ga masu son gwadawa: ramin maɓalli milimita 28 ne ga samfurin Amurka, 30 ga na Japan, saboda haka a sayi maɓallan kafin a huda. Na Japan masu ƙullewa da kansu don faranti siriri aka yi su, a katako mai kauri sai masu noti. Mai yanka MDF ya rufe hanci, ƙurarsa tana da laushi kuma da sinadarin gam a cikinta.

Roƙonmu ɗaya, Alhaji: a riƙa sayar da rabin falle, don masu haɗa ƙaramin akwati na kan tebur. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naka,
Wasu kafintoci da masu gyaran lantarki, Kano