Takardar koke kan dokar hana bindigar wasan yara: ranka ya daɗe, a sake duba daftarin nan

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, da masu girma kansiloli baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne dai iyaye da malaman makaranta da masu sayar da kayan wasan yara da 'yan wasan kwaikwayo da muka sa hannu a ƙasan wannan takarda. Ni aka ce in rubuta wai don na fi kowa dogon baki a cikinmu, to in an ga na zarce a yi min afuwa.

Maganar daftarin dokar nan ce da ke gabanku, wadda za ta hana sayarwa da mallakar bindigar wasa. Mun samu mun karanta, kuma inda ya tsaya mana a wuya shi ne wurin da aka ce duk wani abu da ya yi kama da bindiga. Duk wani abu fa aka ce. Kenan koriyar bindigar ruwa da yaro ɗan shekara huɗu ke fesa wa yayarsa, da baƙar fistol ta ƙarfe da ko ɗan sanda sai ya riƙe a hannu kafin ya gane ta bogi ce, duk an yi musu kuɗin goro, tara ɗaya hukunci ɗaya. Wannan shi ne kokenmu, sauran duk bayani ne.

Kar a ɗauka ba mu san abin da ya sa aka kawo dokar ba. Mun sani sarai. Akwai ɓata-gari da ke tare mutane da bindigar bogi su ƙwace musu waya, kuma wanda aka nuna wa abu cikin duhu ba shi da lokacin tambayar ko ta gaske ce, tsoron da ya ji na gaske ne ko da abin roba ne. Akwai kuma masu harba 'yan ƙwayoyin robar nan masu tauri, waɗannan kam ba wasa ba ne, ido ɗaya suke nema su gama da shi. A ƙasar Afganistan ma a watan Yulin 2015 sai da gwamnati ta hana bindigogin wasa bayan yara sama da 100 sun ji rauni cikin 'yan kwanaki, kuma irin masu harba ƙwaya ɗin nan ne suka yi ɓarnar, da yawa a ido. Ni kaina na taɓa zama a layin asibiti kusa da wata uwa da ɗanta, an naɗe masa rabin fuska da bandeji, yana ta tambayarta ko in an cire zai ga allo a aji, ita kuma ta kasa ba shi amsa sai gyara masa wuyan riga take ta yi. Wallahi duk wanda ya ga wannan ba zai ce a bar komai sakaka ba. Mu ma ba haka muke cewa ba.

Amma ranka ya daɗe, ba bindigar ruwa ce ta yi wa yaron nan haka ba.

Bari in ba da labarin gidana tunda shi na fi sani. Akwai lokacin da na hana bindigar wasa a gida gaba ɗaya, na tattara su na zubar, ina jin kaina wai na yi tarbiyya. Ko sati ba a yi ba na dawo na tarar ɗana ya samu kwali ya yanka, ya naɗe da salatif, ya manna murfin biro a matsayin kunama, har da igiyar ratayawa a kafaɗa, ya laɓe bayan ƙofa yana jiran ƙaninsa. Na karɓe. Washegari sanda ce. Na karɓe sandar sai ya miƙe yatsu biyu ya ce tau tau, ƙanin ya faɗi ƙasa yana shure-shure yana dariya, bayan minti ɗaya ya tashi aka yi musanya, shi ne ɗan sanda yanzu wancan ɓarawo. A nan na tsaya na yi wa kaina dariya, don sai dai in yanke yatsun. Kuma da na zauna na lura da wasan sosai sai na ga akwai doka a cikinsa, wanda aka harba dole ya faɗi, ba a bugun gaske, wanda ya yi kuka an tsaya, wanda ya yi maguɗi a kore shi. Yara sun san bambancin wasa da faɗa fiye da yadda muke zato. Ko a Ingila, a ƙarshen 2007 ma'aikatar da ke kula da yara da makarantu ta ba makarantun renon yara shawarar su daina saurin tsawatar wa yara maza kan irin wannan wasa na makami, bayan an daɗe ana hana shi kwata-kwata a wurare da yawa.

To in ni da yara biyu a cikin gida ɗaya na kasa, ina ga hukuma da dubban yara?

Abin da muke roƙo ku duba shi ne, waɗanda suka riga mu shiga wannan matsala yawancinsu ba hanawa suka yi gaba ɗaya ba, rarrabewa suka yi. A Amurka tun 1988 dokar tarayya ta ce bindigar wasa da ta yi kama da ta gaske dole a sa mata toshi mai kalar lemo mai haske a bakinta yadda za a hango daga nesa. Ingila kuma ta fi tsanani kuma a ganina ta fi tsari. Dokarsu ta 2006, wadda wannan ɓangaren nata ya fara aiki a Oktoban 2007, ta raba abin gida biyu. Wadda ta yi kama da ta gaske sak, an hana ƙera ta da shigo da ita da sayar da ita, sai ga masu dalili kamar masu fim da dirama da gidajen tarihi da 'yan kulob ɗin wasan harbi da ke da inshora. Wadda kuma yawancin jikinta kala ce mai ɗaukar ido, ja ko lemo ko rawaya ko kore ko shuɗi ko ruwan hoda ko shunayya, ko wadda ake ganin cikinta garau, wannan ba ta shiga hanin ba. Har girma suka auna, in ba ta kai milimita 38 daga sama zuwa ƙasa da 70 daga baki zuwa gindi ba ba a lissafa ta da mai kama da ta gaske. Sannan ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba bindigar kwaikwayo, kuma yawo da ita a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne mai zaman kansa. Kun ga an kama mai laifi ta inda yake, an bar yaro da wasansa.

Kanada ma ta gwada bin hanyar da daftarin nan ke son bi. A ƙudirin dokar bindigogi da ake kira C-21 an sa wani sashe da zai haramta bindigogin wasan nan na eyasof, wato masu harba ƙwayoyin roba, masu kama da na gaske, masu wasan da masu shaguna suka yi ta zuwa gaban kwamitin majalisa suna bayani, ƙarshe aka cire sashen kafin dokar ta wuce a Disambar 2023. Ba su ji kunyar gyarawa ba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Na san wani a cikinku zai kawo maganar Tamir Rice, gara ni in riga shi. Yaro ne ɗan shekara 12 a birnin Kilibland na jihar Ohayo a Amurka, a Nuwambar 2014 yana wasa da bindigar eyasof a wani filin shaƙatawa ɗan sanda ya harbe shi cikin kamar daƙiƙa biyu da isowarsa wurin, washegari ya rasu. Abin tausayi ne ƙwarai. Amma a duba abin da ya faru daki-daki. Bindigar baƙa ce mai kama da ta gaske kuma babu toshin lemon nan a bakinta. Mutumin da ya kira 'yan sanda ya faɗa musu cewa wataƙila ta bogi ce kuma wataƙila yaro ne, amma ba a isar da wannan bayani ga waɗanda aka tura ba. Darasin da ni na ɗauka biyu ne, ɗan toshi shi kaɗai bai isa ba tunda ana iya cire shi, shi ya sa muke cewa jikin duka ya zama kala, na biyu kuma jami'in da zai tunkari yaro yana buƙatar horo da natsuwa. Shi ya sa ma bayan an harbe wani ɗan shekara 13 a jihar Kalifoniya a 2013, abin da jihar ta yi shi ne ƙara tilasta alamomin kala masu haske a jikin irin waɗannan bindigogi.

Kuma a nan ne tsorona ya fi yawa, ranka ya daɗe. Ranar da aka ce duk mai kama da bindiga haramun ce, ranar aka mayar da kowane yaro mai riƙe da roba abin zargi, aka ba jami'i dalilin tare shi a hanya. Dokar da aka yi don rage haɗuwar yara da masu ɗauke da bindigar gaske sai ta ƙara yawan haɗuwar. Sannan wa zai yanke hukuncin cewa abu ya yi kama? Daftarin bai faɗa ba. Jami'in da ke tsaye a wurin ne zai yanke, yau ya ce wannan ta yi kama gobe ya ce waccan ba ta yi ba, kuma duk mun san inda irin wannan ƙofa take kaiwa in aka bar ta a buɗe, mai ƙaramin ƙarfi ne zai sha wahala.

Shi kuma ɗan fashin da ake yi domin shi, mutumin da bai ji tsoron hukuncin fashi ba shi ne zai ji tsoron tarar kayan wasa? Guntun bututu da baƙin fenti da tsumma sun ishe shi cikin dare. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

Akwai kuma wani abu da masu sayarwa a cikinmu suka ce lallai in faɗa. Yanzu kayan a fili suke a kan kanta, jami'i zai iya zuwa ya ɗauka ya duba, ya ce wannan tana harbi da ƙarfi a janye ta, uba ma zai iya juya kwalin ya ga shekarun da aka rubuta. In aka hana, masu gaskiya za su daina, cinikin ya koma ƙarƙashin tebur da intanet inda ba mai tambayar shekarun yaro, kuma wanda zai yi kasadar sayar da haramtaccen kaya ba zai ɓata lokacinsa kan bindigar ruwa ba, mafi haɗarin zai kawo don ita ce mai riba. Su kuma 'yan dirama tambayarsu gajera ce, in za su nuna wa jama'a illar fashi a dandamali da me ɗan fashin zai fito, ko ta gaske ake so su aro?

Wani ɗan ƙarin bayani da ya ba ni sha'awa, bindigar ruwan nan Super Soaker da ta zagaye duniya wani injiniya ne mai suna Lonnie Johnson da ya yi aiki da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ƙirƙiro ta, a 1982 yana gwajin wata na'ura a banɗakin gidansa ruwa ya yi tsartuwa da ƙarfi, daga nan tunanin ya zo masa, ta shiga kasuwa a 1990. Famfo ne da iska da ruwa kawai a cikinta. A ƙarƙashin daftarin nan yadda yake a rubuce, ita ma kayan laifi ce.

Don haka roƙonmu, a dakatar da daftarin a mayar da shi kwamiti, a cire jimlar duk wani abu da ya yi kama da bindiga a sa bayani ƙarara wanda kowa zai iya aunawa da idonsa. Baƙaƙe da masu kalar ƙarfe da suka yi kama da na gaske a hana sayar da su a fili, mun yarda ɗari bisa ɗari, masu fim da dirama su yi rajista a ba su izini a rubuce. Masu harba ƙwaya mai tauri a hana sayar wa yara, mai shagon da ya karya a ci shi tara, ya sake a rufe shagon, masu shagunan da ke cikinmu da bakinsu suka ce a rubuta haka. Wanda ya goge kala ko ya shafa wa ta wasa baƙin fenti shi ma a sa masa nasa hukuncin. Wanda kuwa ya tsorata mutum da ta bogi don ya ƙwaci kayansa a kai shi kotu a matsayin ɗan fashi kawai, kar a sassauta masa don wai roba ce. Amma ta ruwa da ta soso da mai ƙara da walƙiya masu kala-kala, don Allah a bar wa yara abinsu, kuma ko me za a yi kar a rubuta hukunci a kan yaro, babba ne ya sayar babba ne ya saya.

Muna kuma roƙon a ba mu rana kafin a kaɗa ƙuri'a, a kira mu da jami'an tsaro da likitocin ido a zauna wuri ɗaya. Za mu zo da samfurin kowace iri mu baje a kan tebur, ku ɗauka ku juya da hannunku ku nuna mana waɗanda kuke nufi. Ta kwalin ɗana ma tana nan ban yar ba, zan taho da ita.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya yi muku jagora.

Mu ne naku,
Iyaye, malamai, masu sayar da kayan wasan yara da 'yan wasan kwaikwayo da suka sa hannu.