Sanarwa Kan Tattaunawar Wannan Mako: Nikolas na Kues

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ana sanar da ku cewa tattaunawarmu ta wannan mako za ta kasance a kan Nikolas na Kues, malamin coci Bajamushe da aka haifa a 1401. Fafaroma ya naɗa shi bishop na Brixen (wani gari a yankin Tirol, wanda yanzu yake arewacin Italiya) a 1450, inda ya yi ta kai ruwa rana da Sigismund, mai mulkin Tirol, har aka tsare Nikolas a 1460. Abin da ya fi jan hankalina shi ne nazarin da ya yi wa Alƙur'ani a fassarar Latin, ko da yake manufarsa kare addininsa ce. Ya rasu a Italiya a 1464, amma gidan kula da tsofaffi da ya gina a garinsu yana aiki har yau. Don Allah kowa ya shirya tambayoyinsa.