Ana ta faɗa kan littafi, ruwan da yaranmu ke sha fa wa ke auna shi?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da sauran ma'aikata. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a garin nan na Kaduna.

Duk lokacin da maganar littattafan da ake ba yara a makaranta ta taso sai ka ga gari ya ɗauka, a majalisar ƙofar gida, a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, a shirin rediyo na kira, wannan ya ce a hana wancan ya ce a ƙona, masu neman kujera kuwa sun riga sun gane magana ce mai kawo tafi to kowa sai ya rige wani fitowa ya ce shi ne mai kishin tarbiyya. Ni uba ne, ina da 'ya'ya mata, kuma wallahi ba zan yarda a miƙa wa 'yata 'yar firamare abin da ya fi ƙarfin shekarunta ba. Wannan kam babu musu a kai. Iyaye suna da haƙƙin su buɗe jakar yaro su ga me ake koya masa, kuma in sun ga abin da bai dace ba su yi magana. To amma ina so mu tsaya mu kalli yadda ake yin abin.

Maƙwabtanmu Kano sun daɗe a wannan hanyar. Tun 2001 suke da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, a 2007 zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka tara littattafan soyayya na Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan a 2023 hukumar ta hana wani littafin koyon karatun Turanci na ƙananan yara ta bi kasuwa ta ƙwace, har majalisar wakilai a Abuja ta sa baki. Wasu daga cikin abubuwan da aka hana ni ma da na gani zan hana. Abin da ke damuna shi ne in ka tambayi masu kiran a yi irin haka a nan, wane ma'auni za a bi, wa zai karanta littafin daga bango zuwa bango kafin a yanke hukunci, marubuci ko mai shago yana da inda zai kai kuka in an zalunce shi, sai ka ji shiru ko a ce maka kai ma ɗan ɓata tarbiyya ne. Sau da yawa hoton shafi ɗaya ne ke yawo a waya, shikenan an gama shari'a.

Ruwan sha kuwa, Malam Edita, akwai ma'auninsa a rubuce. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar da ƙa'idar ingancin ruwan sha ta ƙasa tun 2007, aka sabunta ta a 2015, kuma lambobi ne ƙarara ba ra'ayin wani ba. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ajiye. Don a gane ƙanƙantar abin, giram ɗaya tak na dalma ya isa ya kai lita 100,000 bakin wannan iyakar, wato jarka 4,000 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Sinadarin naitiret, wanda ke zirarowa daga masai da takin zamani, kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda in ya yi yawa yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata har ka ga leɓensa ya yi shuɗi. Ƙwayar cutar nan ta bayan gida da likitoci ke kira E. coli kuwa ko ɗaya ba a yarda a samu a mililita 100 na ruwan sha ba, sifili aka rubuta. To ka ga littafi akwai masu kamawa amma babu ma'auni, ruwa akwai ma'auni amma a unguwanninmu ban ga mai zuwa ya auna ba. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauko alƙalami.

Ina da ɗan ƙaramin kemis a Rigasa. Da zarar damina ta kankama na san me zai fi fita a shago, gishirin nan na ORS da zinc da maganin zazzaɓi. Uwa za ta shigo da goyo idonsa ya faɗa, wuyansa ya saki, ka ɗan ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, in ce mata Hajiya wannan ba na kemis ba ne ki wuce asibiti yanzun nan a yi masa ƙarin ruwa, tana kuka tana lissafin kuɗin adaidaita. In na tambaye ta wane ruwa kuke sha, amsar kusan iri ɗaya ce, na rijiya ne ko na 'yan garuwa, kuma ai garau yake. Garau ɗin nan shi ke yaudararmu. A zaure mun karanta babin tsarki, an koya mana a duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma wannan daidai ne a hukuncin alwala da wanka. Amma dalma ba ta canja launi, naitiret ba shi da wari, ƙwayar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu. Ruwa zai iya halatta ka yi alwala da shi kuma ya kwantar da ɗanka.

Dubi yadda gidajenmu suke. Masana tsafta suna cewa a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, mu kuwa filin ƙafa 50 da 50 ake yankawa a gina ɗakunan haya a ciki, gidan gaba ɗaya bai fi mita 15 ba, rijiya na wannan lungu sokawe na wancan, in ma naka ya yi nisa to na maƙwabcinka yana jingine da katangarka. In ruwan sama ya sauka ƙasa ta jiƙe duk abin da ke ramin nan yana bi ta ƙarƙashi. A layinmu akwai wata rijiya da duk watan Agusta take cikowa har a ɗebi ruwa da hannu ba guga, yara suna murna, alhali wannan cikowar ita ce alamar ruwan saman ƙasa ne ya shige ta. Inda ake da famfo kuma, bututun roba ne ya bi ta cikin kwata an ɗaure inda ya fashe da tsohuwar robar taya, kuma mutane da yawa ba su san cewa lokacin da aka ɗauke ruwa bututun yana zuƙo na kwatar ciki ba, ran da aka dawo da shi wannan ƙazantar ce ke fara fitowa. Ko da an tace shi tas an sa kilorin a matata, hanyar da ya biyo kafin ya iso randarka ita ce matsalar. Bohol na kuɗi kuma kowa ya samu hali sai ya haƙa ya kafa tanki ya fara sayarwa, ban taɓa ganin takardar gwaji manne a jikin tanki ko ɗaya ba. Fiya wata aƙalla akwai lambar NAFDAC a jikin leda, shi ma sai dai a ce Allah ya sa lambar ta gaskiya ce.

A 2021 kaɗai kwalara ta kama mutum sama da 111,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,600 bisa lissafin NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, kuma arewa ce ta fi jin jiki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ƙurar ta bi ƙasa da abinci ta shiga jikin yara, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara aka farga. A 2015 aka sake irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mu ma ana haƙar zinare a yankin Birnin Gwari, to ba labarin nesa ba ne. Kuma abin da ya fi tayar min da hankali game da dalma, yaron da bai mutu ba tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire dalma ko naitiret, sai ma ya ƙara tattara su tunda ruwan ne ke tashi su suna nan. To don Allah yaron da aka riga aka lalata wa ƙwaƙwalwa tun yana rarrafe, wane littafi ne zai iya karantawa ma balle ya ɓata shi?

Wani zai ce ai tarbiyya ta fi lafiyar jiki. Ni ban raba su ba. Malamai sun lissafa abubuwan da shari'a ta zo ta kare, addini na ciki, rai na ciki, hankali na ciki. Gurɓataccen ruwa yana cin rai yana cin hankali. Dalilin da ya sa ɗan siyasa ya fi son maganar littafi a fili yake, ba ta cin ko sisi, takarda ɗaya da taron 'yan jarida an gama. Ruwa kuwa sai an sa kuɗi a kasafi, a sayi kilorin da alif, a biya wuta, a canja bututu, a biya ma'aikata, kuma aiki ne da ke binne a ƙasa ba a yanka masa kyalle a ɗauki hoto.

Har a Amurka haka suke fama. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga an cire littattafai sama da sau 10,000 daga makarantun gwamnati a zangon 2023 zuwa 2024, mafi yawa a Florida da Iowa, ana ta hayaniya a tarukan hukumomin makarantu. A ƙasar dai aka yi abin Flint a jihar Michigan, a 2014 hukuma ta mayar da garin shan ruwan kogi don rage kashe kuɗi ba tare da sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, dalma ta narko daga tsofaffin bututu, talakawa suna ta kuka ana ce musu ruwan lafiya lau, sai da wata likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da sakamakon gwajin jinin yara a 2015 sannan aka saurara. Abin da na ɗauka a nan, lambar gwaji ce ta ƙwace su, ba surutu ba. A 2024 kuma hukumar muhallinsu ta sa iyakar kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha ga wasu sinadarai biyu na dangin PFAS, waɗanda ake amfani da su a kumfar kashe gobara da tukwanen da abinci ba ya kamawa, kuma har yanzu suna jayayya kan yaushe za a fara aiki da ita da wa zai biya. Su a kan tiriliyan suke musu, mu bayan gida ne a ruwa ba mu gama da shi ba.

Kuma ba wai ba mu da kayan aiki ba ne. Cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana nan Mando a cikin garin nan, ga jami'ar jiha ga Kadpoly ga ABU a Zariya, duk akwai ɗakunan gwaji da ɗalibai masu neman abin yin furojet. Ga kogin Kaduna da matatar Malali ke ɗiba, ga magudanun Kakuri da Makera da suka shekara da shekaru suna kwasar ruwan masana'antu tun zamanin masaƙu suna zubawa a kogin. Maganar littafi in ba a yi hankali ba nan da nan take raba mu, tsallaken gada da wannan ɓangaren, masallaci da coci, kuma mun san abin da rabuwa ta jawo mana a garin nan. Gudawa kuwa ba ta tambayar sunan yaro, abin da ke kwantar da na Rigasa da Tudun Wada shi ke kwantar da na Nasarawa da unguwar Television.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Tunda kotun ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, to ciyamomi 23 da kansilolinsu su ware wani abu a riƙa ɗibar ruwan rijiyoyi da bohol na kowace mazaɓa ana gwadawa, ko da sau biyu ne a shekara, tsakiyar damina da tsakiyar rani, a rubuta sakamakon da Hausa da Turanci a manna a ƙofar mai unguwa da asibitin sha-ka-tafi, a karanta a rediyo. Duk mai sayar da ruwan bohol ya manna tasa takardar a tanki. Rijiyar da ta faɗi gwaji a shafa mata jan fenti a koya wa matan gidan yadda ake sa kilorin, kada a rufe a tafi a bar mutane ba madadi. Littafi kuma in za a tace to a kafa kwamiti na malaman makaranta da iyaye da marubuta da malaman addini biyun, su karanta shi duka, su rubuta dalili, su faɗi shekarun da ya dace da su, wanda bai gamsu ba ya samu inda zai ɗaukaka ƙara.

Ku ma 'yan jarida da naku. Ku tura wakilinku ya ɗebo ruwa a kwalba mai tsafta daga Rigasa, Kawo, Unguwar Sanusi, Kakuri da Sabon Tasha, a kai ɗakin gwaji, ku buga lambobin a shafin farko kusa da abin da ƙa'idar ƙasa ta ce. In kuɗin gwajin ne matsala ni zan biya na unguwarmu, kuma na san masu kemis irina da za su biya na tasu.

Na gode, Allah ya taimaka.

Naku,
Mai kemis daga Rigasa, Kaduna