Kunkurun tsakar gida: ruwa, ciyawa da allurar da ke kashe shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don mu yi magana a kan wata dabba da ake ajiyewa a gidaje da yawa daga Kano har Damagaram, amma ba kasafai ake tambayar yadda ta kwana ba, wato kunkuru. Muna nufin babban kunkurun tudu mai launin ƙasa-ƙasa, mai 'yan ƙahonni biyu ko uku a bayan kowace cinya, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Ɗan ƙasa ne. Mazauninsa Sahel, tun daga Senegal da Mali, ya ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi har Sudan. Kunkuran tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kaɗai suka fi shi girma a duniya. Ɗan da ake ƙyanƙyashewa bai cika tafin hannun yaro ba, amma namiji yakan haura kilo 50 idan ya gama girma, kuma yana iya kai shekara 70 a raye. Wanda ya saya wa ɗansa shi a kasuwa, jikokinsa ma ya saya wa.

Masu kiwonsa a Turai da Amurka, inda ake hayayyafa shi da yawa, sun sauya hanya a shekarun nan, sun watsar da abubuwan da a da suka ɗauka gaskiya ne. Mu da dabbar take tamu, har yanzu muna kan tsohon zato cewa kunkuru ba ya shan ruwa, ba ya ciwo, kuma duk abin da aka zubar masa abinci ne.

Batun ruwa shi ne babba. An daɗe ana cewa tun da dabbar hamada ce, a ajiye ta a busasshen wuri. Sakamakon shi ne ƙwaryar bayan ƙanana ta riƙa tasowa tudu-tudu, kowane gida ya yi tsini kamar an jera 'yan dalar gyaɗa, alhali a daji sumul take fita. Da farko an ɗora laifin a kan abinci mai yawan furotin, wato sinadarin gina jiki. A 2003 wasu masu bincike a birnin Biyana na Ostiriya suka reni ƙananan wannan kunkuru a wurare masu bambancin laima, suka ga waɗanda aka ajiye a bushe ne bayansu ya fi yin tudu. Wanda ya san dajinmu ba zai yi mamaki ba. Kunkuru ba a fili yake wuni ba. Rami yake haƙawa mai tsawon mitoci, inda ƙasa ke da sanyi da danshi ko a watan Afrilu, kuma 'ya'yansa da damina suke fitowa, lokacin da ciyawa ke ɗanya.

Don haka ɗan kunkurun da bai kai shekara biyu ba a riƙa tsoma shi kullum a ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin na wankan jariri, na minti 15 zuwa 20. Ruwan ya tsaya iyakar inda ƙwaryar sama ta haɗu da ta ƙasa, kada ya kai masa hanci, kuma kada a tafi a bar shi, domin kunkurun tudu ba kififfiya ba ne, nutsewa yake yi. A yi masa ɗan maɓoya da fasasshiyar tukunyar ƙasa a kife, a sa jiƙaƙƙiyar ƙasa a ciki, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Sai dai a kula: danshi da ɗumi lafiya ne, danshi da sanyi mura ce. Babba kuwa a binne masa faffaɗan faranti ko a yi ɗan kwarmin siminti marar zurfi da zai iya shiga ya fita da kansa. Ana gane ƙishirwarsa daga fitsari. Yakan fitar da wani farin abu tare da shi. Idan mai laushi ne kamar man goge baki, lafiya lau. Idan ya fito garas-garas kamar tsakuwa, ruwa ya yi masa kaɗan, kuma a hankali wannan ne ke dunƙulewa ya zama dutse a mafitsara, wanda sau da yawa sai an yanka ƙwaryar ciki kafin a ciro shi.

Sai abinci. Cikin kunkuru irin na jaki ne, ba irin na kare ba. Kashi 80 cikin 100 na abin da zai ci ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya: kirikiri, guɗe-guɗe, ƙyasuwa tun tana ƙarama. Ragowar a cike da ganye, kamar yakuwa, rama, lalo, ganyen kabewa da na dankalin Hausa, da ɗan zogale jefi-jefi. Harawar wake da ta gyaɗa suna da ƙarfi, a ba shi kaɗan, kada su zama cimarsa ta kullum. Alayyafo ma ba kullum ba, don yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam, wato abin da ke gina ƙashi, ya hana jiki amfana da shi. Ɗumamen tuwo, shinkafa da miya, burodi, nama, dusar kaji, duk zai ci, har ya riƙa bin mai ba shi, amma suna sa shi girman gaggawa da laushin ƙashi, su kuma gajiyar da ƙoda. Mangwaro da kankana sukan sa shi zawo. A tsare shi daga tumfafiya, zaƙami, zurma, tinya da ɗanyen ganyen rogo. A kuma share leda da ƙusa da guntun roba daga inda yake yawo, domin duk abu mai launi yana kai masa baki, kuma ledar da ta toshe hanji ba ta da magani a gida.

Ƙwaryar nan ƙashi ce, tana buƙatar kalsiyam. A tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka a kan ganye sau biyu ko uku a mako. Amma kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D3, shi kuma fata ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta kai-tsaye. Gilashin taga yana tare ɓangaren hasken rana da ke yin wannan aiki. Turawa kuɗi suke kashewa kan fitilu na musamman saboda haka. Mu Allah Ya ba mu kyauta, amma sai ka ga an kulle ɗan kunkuru a kwali cikin ɗaki wata da watanni. Idan ka danna bayan wanda ya wuce shekara guda ka ji yana lotsawa, ko ka ga yana jan ƙafafun baya, to ƙashin ya riga ya fara lalacewa. Hantsi na awa ɗaya ya wadatar, da sharaɗin akwai inuwar da zai koma. Ƙarami a cikin roba ko bokiti a tsakiyar rana, cikin mintuna zai mutu.

Akwai al'adar da muke roƙon a daina: huda gefen ƙwarya a zura igiya a ɗaure shi. Ƙwaryar a haɗe take da haƙarƙari da ƙashin baya, tana da jini da jijiyoyi, yana jin zafin kamar yadda za ka ji idan an huda maka ƙashi. Fenti ma haka, bai da wurin zama a bayansa. Idan ana tsoron ya ɓace, katanga ce magani: tsayin bulo uku, wadda ba ya hango waje ta cikinta, da tushe aƙalla santimita 40 a ƙasa. Shingen waya ba ya tsare shi, wuni zai yi yana tunkuɗa har ya ji ciwo. Kada a bar shi ya yi rami a gindin katangar ƙasa ko kusa da masai, damina ɗaya ta isa ta rufta da shi da katangar. A rufe bakin rijiya. Ƙanana kuma a yi musu murfin raga saboda gafiya, hankaka, shaho da kare.

Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya. Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, to yana da ƙaho a ƙarƙashin wuya, da shi yake cusa wa abokin faɗa ya kifar da shi rigingine, kuma wanda ya kife a rana bai iya juyowa ba, shi ke nan. Ana gane namiji da kwarmin ciki da doguwar wutsiya, mace cikinta a shafe yake, wutsiyar gajeriya.

Lokacin hunturu shi ne na asara. Wannan kunkuru ba ya dogon barcin sanyi irin na kunkuran Turai. A daren Disamba da Janairu, wanda ba shi da rami a shigar da shi ɗaki busasshe, a shimfiɗa masa ciyawa mai kauri. Kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, kumburin ido, ƙin cin abinci, duk alamun ciwon huhu ne. A ɗumama shi a nufi likitan dabbobi.

A nan muke so a buɗe kunne. Allurar Ivomec da duk wani magani mai sinadarin ibamektin, wanda ake yi wa awaki da shanu don tsutsa da kaska, guba ce ga kunkuru. Tana shanye masa jiki, ko kaɗan aka yi tana iya kashe shi. Mai shagon magani da ya saba da tumaki zai iya miƙo ta da kyakkyawar niyya. Kaska a cire ta da hantsaki, a kama daf da fata a ja a hankali, a duba hammata da gindin wutsiya inda take maƙalewa. Maganin tsutsa kuwa sai likita ya auna nauyin dabbar ya yanke adadi. Kaskar nan ba abin rainawa ba ce: saboda ita Amurka ta hana shigo da wannan kunkuru daga waje a 2000, don tana iya ɗaukar cutar da ke kashe shanu da tumaki. Mutanen gida su ma su kula, kunkuru mai lafiya ma yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum zawo a kashinsa. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada a yi masa wanka a kwanon abinci, kada a bar yaro mai rarrafe ya yi wasa inda yake kashi.

A daji ya yi ƙaranci ƙwarai, saboda kamu da kuma raguwar wuraren da yake kiwo, har ya shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Tun 2000 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. A Senegal akwai Ƙauyen Kunkuru a Noflaye, kusa da Dakar, inda ake karɓar waɗanda aka gaji da su a gidaje. Mai son kiwo ya nemi ɗan da aka ƙyanƙyashe a gida, tun da mace ɗaya takan saka ƙwai 15 zuwa 30 a zubi guda. Wanda kuma nasa ya fi ƙarfinsa kada ya kai shi daji ya saki, zai iya kai wa na can cutar da ya ɗauka a gida. Ya nemi mai fili da katanga, ko ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na jiharsa.

Wassalam.

Daga wasu masu kiwon kunkuru, Kano.