Amsa ga mai tambayata kan yaran oga da aka mallake a komik

Ɗan'uwa, salamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a gaban jama'a, to tunda a fili ka yi ta bari nima in amsa a fili. Cewa ka yi wai duk wannan zancen juya wa mutane ƙwaƙwalwa da ake sakawa a komik ɗin jarumai ba komai bane illa lalacin marubuci, yana so ya tara wa jarumi mutanen da zai jibga sai kawai ya ce wani uban daba ne ya mallake su, shikenan an wuce wajen. Ka kuma ƙara da cewa in har da gaske mallake su aka yi, to ai jarumin ne azzalumi tunda yana dukan waɗanda ba su ma san me suke yi ba.

Rabin maganarka gaskiya ne, bazan musa ba. Akwai fitowa da yawa da na karanta inda ake zana mutum goma sha da fararen idanu suna tahowa kamar raƙumi da akala, jarumi ya watsar da su a shafi biyu, babu wanda ya sake waiwayarsu, ba a nuna wanda ya karye ba, ba a nuna wanda ya farka ya tarar da jini a hannunsa ba. Irin wannan kam lalaci ne kuma yana ɓata min rai sosai. Amma ka yi wa abin kuɗin goro, shi yasa nake so in kai ka wajen labarin da ya sa na daina kallon wannan salon a matsayin wasa.

Amazing Spider-Man ne, fitowa ta 59 zuwa ta 61, shekarar 1968, Stan Lee ya rubuta John Romita ya jagoranci zanen. Ogan a nan Kingpin ne, wato Wilson Fisk, ƙaton nan mai sanƙo da farin kwat wanda ya fara bayyana a fitowa ta 50 a 1967. Ka lura fa mutumin nan ba yara ya rasa ba, yana da 'yan daba da yake biya, masu bindiga, masu jiran umarni. Abinda kuɗinsa ya kasa saya masa shine mutanen kirki da ke riƙe da muƙamai a birnin Niyu Yok. Sai ya ɓuya bayan wani gidan rawa, aka ɗauki Mary Jane, ƙawar Peter Parker wanda shine Spider-Man a ɓoye, aikin rawa a wajen ita bata san komai ba, aka miƙa mata kyamara aka ce in ta sauko daga dandali ta riƙa ɗaukar manyan baƙi hoto. Hasken kyamarar nan shine tarkon. Da ya haske mutum sai kansa ya ɗaure, ya tashi da ƙafarsa ya nufi ɗakin baya inda wani masanin kimiyya mai suna Winkler ke jira da na'urarsa, a nan ake ƙarasa aikin. Mutum ya shigo da hankalinsa ya zauna ya yi murmushi don a ɗauke shi hoto, ya fita ya zama yaron wani, kuma ko matarsa ba zata gane ba don fuskarsa bata canza ba, muryarsa bata canza ba.

Cikin waɗanda aka kama har da Kyaftin George Stacy, tsohon ɗan sanda mai ritaya, dattijo mai tafiya da sanda, mahaifin Gwen budurwar Peter Parker. To a nan ne maganarka ta fara rushewa ɗan'uwa. Yaron ogan da za a daka yanzu ba wani mara suna bane a bayan layi, surukin da Peter ke fata ne, mutumin da yake ganin girmansa.

A fitowa ta 60 Peter ya je gidansu ya tunkare shi da maganar, dattijon ya ɗaga sandar nan tasa da yake dogarawa zai kwaɗa masa, Peter ya kare kansa, tsoho ya faɗi ƙasa, daidai lokacin Gwen ta shigo. Me ta gani? Saurayinta a tsaye babanta a kwance. Bata ga kyamara ba, bata ga Winkler ba, bata ga Kingpin ba. Kuma Peter ba zai iya buɗe baki ya yi cikakken bayani ba don bayanin zai tona cewa shine Spider-Man. Wallahi duk sanda na dawo kan shafin nan sai na tsaya, saboda yaron da ke iya ɗaga mota da hannu ya rasa yadda zai yi da tsoho guda ɗaya mai sanda. Ƙarfin nasa ma shi ya zame masa abin tsoro a ɗakin.

Bai tsaya nan ba. Daga baya Peter ya ɗauki Stacy hoto yana satar takardu a ofishin 'yan sanda, hoton ya fito a jaridar Daily Bugle da sunan Peter a matsayin wanda ya ɗauka. Ni har yau ina jayayya da kaina kan wannan matakin, ko ya kamata ya miƙa hoton ko bai kamata ba, domin gaba kura baya sayaki ne, in ya ɓoye ya bar Kingpin yana wasa da 'yan sanda yadda yake so, in ya fitar ya zubar da mutuncin mutumin da bashi da laifin komai ya kuma ƙona zuciyar Gwen. Marubucin da ke neman hanyar sauƙi ba zai jefa jaruminsa cikin wannan ramin ba. A fitowa ta 61 na'urar ta tarwatse, Winkler ya mutu, Stacy ya dawo hayyacinsa, amma Kingpin ya sulale ya tsere, ita kuma Gwen bata huce nan take ba, sai da aka ɗauki wasu fitowa kafin su shirya.

Yanzu ɓangare na biyu na tambayarka, wai jarumi azzalumi ne in ya daki wanda aka mallake. Amsata ita ce alhakin yana wuyan wanda ya riƙe akalar, wannan ba na shakka. Sai dai hakan baya wanke jarumi tas, dole ya san cewa naman da yake duka na mutum ne da zai farka gobe da ciwon. Kuma akwai labarin da ya ɗauki wannan da muhimmancin da ya dace. Ka san Purple Man, Zebediah Killgrave, wanda ya fara fitowa a Daredevil ta 4 a 1964, mutumin da in ya ce ka yi abu sai ka yi. Shekaru da yawa ana ɗaukarsa ƙaramin mugu mai launin shunayya. Sai Brian Michael Bendis da Michael Gaydos suka zo da komik ɗin Alias a farkon shekarun 2000 suka ba da labarin daga bakin wadda aka mallaka, matashiyar jaruma Jessica Jones, wata takwas tana ƙarƙashinsa. Ranar da ya tura ta ta kashe jarumi Daredevil sai ta ɓuge da kai wa Scarlet Witch ta ƙungiyar jarumai ta Avengers hari, 'yan Avengers kuwa basu tsaya tambaya ba suka yi mata dukan da ya kai ta ga dogon suma. Ga jaruman da ake tafa wa, ga yarinyar da aka zalunta sau biyu, na farko wanda ya sace mata hankali na biyu waɗanda ya kamata su cece ta. Littafin bai ɓoye wannan ba, ya bar shi a fili yana ciwo, kuma ta ajiye rigar jarumta bayan nan. Ka ga tambayar da ka yi mini su ma marubutan sun yi wa kansu ita.

Wani abu kuma da nake so ka duba shine me wannan salon ke faɗa game da shi ogan. Ɗan daban da ake biya yana iya tsorata, yana iya cin amana, yana iya tashi wata rana ya ce na gaji. Fisk ya san haka, shi yasa bai taɓa gamsuwa da biyayyar kuɗi ba, abinda yake nema shine mutumin da an cire masa kalmar a'a daga baki gaba ɗaya. Kuma hali zanen dutse, bayan shekara hamsin da ɗoriya a Devil's Reign na Chip Zdarsky da Marco Checchetto, wanda ya fara fita ƙarshen 2021, Fisk yana kan kujerar magajin garin Niyu Yok, ya haramta aikin jarumai, sannan ya koma ga ƙarfin Purple Man don ya juya mutanen gari su bi shi a zaɓe. Daga 'yan manyan baƙi a gidan rawa zuwa birni guda. Ga kujera ga doka a hannunsa amma duk basu ishe shi ba.

Don haka in ka ci karo da fitowar da aka zuba mallakakku aka tattake su aka wuce, ka kushe ta, zan taya ka. Amma dan Allah kafin ka sake cewa duk ɗaya ne ka nemi fitowa ta 60 ɗin nan ka buɗe wajen da Gwen ta shigo ɗakin. Kuma ka riƙe a ranka cewa wannan dattijon da ke kwance a ƙasa, wanda aka mayar ɓarawon takardu ba da saninsa ba, shine a fitowa ta 90 a 1970 ya ture wani ƙaramin yaro daga ƙarƙashin ɓaraguzan gini da ke zubowa suka danne shi a madadinsa, kuma kafin ya cika ya kira Spider-Man da sunansa na gaskiya ya ce ya kula masa da Gwen.

Naka a kullum,
mai karatun komik.