Zuwa ga Ministan Ƙwadago: na dawo daga jego, takardar sallama na jirana

Mai girma Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyuka, Alhaji Muhammad Maigari Dingyadi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya taya riƙo.

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kaduna, shekara 6 ke nan ina riƙe da 'yan aji uku na firamare. Da na samu ciki an ba ni hutun da sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya tanada: mako 6 kafin haihuwa, mako 6 bayanta, a kan rabin albashi. Tiyata aka yi mini. Kwana biyu bayan na yi arba'in na koma aiki, ban ƙara ko yini guda ba. Tun asuba na tatsi nono a kofi mai murfi na bar wa mahaifiyata tare da jaririyar, na shiga Keke Napep, duk ramin da aka faɗa sai na dafe ɗinkin cikina.

Yara suna hango ni suka ruga suna "Anti ta dawo". Amma a kujerata wata 'yar hidimar ƙasa ce zaune, rajistar ajina a hannunta. Aka ce in ɗan taimaka a ɗakin malamai tukuna. A rana ta uku aka kira ni ofis aka miƙo mini ambulan: notis na wata guda, wai an sake tsarin ma'aikata. Ba laifi ko ɗaya a takardar. Da baki kuwa aka gaya mini gaskiya, cewa mai goyo hankalinta rabe yake, yau rigakafi gobe zazzaɓi. Ina tsaye a wurin nono ya zubo ya jiƙa mini riga, na ja mayafi na rufe, na ce na gode, na fito.

Ranka ya daɗe, ba don ka sa baki a maganata ni kaɗai na rubuto ba. Na kai takardar wurin wani ɗan'uwanmu lauya, kuma abin da ya nuna mini a cikin dokar shi ya hana ni barci fiye da sallamar. Doka ta hana a ba mace notis tana cikin hutun haihuwa, ta hana a ba ta notis ɗin da zai ƙare a cikin hutun. Nan kariyar ta tsaya. Ranar da ta sa ƙafa a wurin aiki, ta koma kamar kowa, kuma sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye, notis na wata guda ya ishe shi. To masu makarantarmu sun san wannan sarai. Ba su karya harafi ɗaya na sashe na 54 ba, jira kawai suka yi na dawo. Ina amfanin dokar da ke tsare mace tana kwance a ɗaki, ta sake ta a ranar da ta fi buƙatar albashin? Madara da magani da kuɗin mai raino ai bayan arba'in suke fara cin aljihu.

Lauyan bai tsaya nan ba. Ya ce ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa, don haka lauyan makaranta na iya tashi ya ce malama ba ta ma cikin waɗanda sashen ya shafa. Ya ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta sha tsaya wa matan da aka kora saboda ciki, kuma na yarda da shi. Sai dai albashina bai kai naira 70,000 ɗin da aka sa wa hannu a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Da me zan riƙe shari'a? Kuma wace makaranta ce a garin nan za ta ɗauki malamar da aka ji ta kai masu makaranta kotu?

A ɗakin masu jego, gadon da ke kusa da nawa wata malamar makarantar gwamnati ce. Rana ɗaya aka yi mana aiki. Ita har yanzu tana gida da ɗanta, don tun 2019 jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta wata 6, kamar yadda Legas ta yi tun 2014. Ma'aikatan tarayya mata suna da mako 16, kuma a 2021 an amince wa takwarorinsu maza kwana 14. Ina taya su murna har zuciyata. Amma wannan ya nuna gwamnati ta san mako 6 bayan haihuwa ba ya isar kowace mace. Ta gyara wa nata, ta bar mu da ke makarantun kuɗi da asibitocin kuɗi da kantuna da masana'antu a kan tsohuwar doka. Gwamna ba shi da ikon taɓa ta, tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwadago a hannun tarayya. Shi ya sa ƙofarka na ƙwanƙwasa.

Duk makon farko na watan Agusta sai mun ji manyan gwamnati a rediyo suna roƙonmu mu shayar da nono zalla wata 6. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai ke samun hakan. A wurin awo ma haka ma'aikatan jinya suka riƙa nanata mana. Na ɗauka da gaske, na yi niyya. Yanzu an ce in zaɓa tsakanin shayarwar da abincin gidana, kuma wanda ya ce in shayar shi ne ya bar dokar da ta ba da damar a kore ni.

An daɗe ana ce mana gyaran dokokin ƙwadago na tafe. Minista ya zo ya tafi, wani ya zo, magana ɗaya. Alhali ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana nan tun shekarar 2000: hutu aƙalla mako 14, kashi biyu cikin uku na albashi, haƙƙin mace ta koma kan aikinta ko makamancinsa, kuma idan an sallame ta, mai aikin ne zai tabbatar ba don haihuwa ba ne. Najeriya ba ta rattaba mata hannu ba. A 2022 ta amince da mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki, ke nan in an so ana iyawa.

Ba zan ɓoye ba, na san ƙaramar makaranta na jin jiki in ta biya malamai biyu a aji ɗaya. Yarjejeniyar ta hango haka, ta ce kuɗin hutu su fito daga asusun inshora ko na gwamnati. Asusun inshorar ma'aikata na NSITF da ke ƙarƙashin ma'aikatarka yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashi don diyyar haɗarin wurin aiki, hanyar tara irin wannan kuɗi ba baƙuwa ba ce a wurinku. Rabin awa sau biyu a rana da doka ta ba mai shayarwa kuwa, ban taɓa ganin wadda aka ba ba. Jami'an duba wuraren aiki ma a shekara 6 ban ga ɗaya ya leƙo ba.

Don Allah, ranka ya daɗe, ko sauran za su jira, ka kai wa majalisa gyara guda: a hana sallamar mace na wasu watanni bayan ta dawo daga hutun haihuwa sai da dalilin da mai aiki zai iya karewa a gaban alƙali, kuma kariyar ta haɗa da duk mai karɓar albashi, malama ce ko nas ko mai shara.

Notis ɗina zai cika ƙarshen watan nan. A ɗakin malamanmu akwai mata biyu masu ciki da suka ga lokacin da na fito da ambulan ɗin. Ɗaya ta koma sa babban hijabi, ta daina zuwa awo ranakun aiki, ta ce ba za ta bari a sani ba sai ya ƙi ɓoyuwa. Watanta biyar.

Wassalam,
Wata malamar firamare, daga Kaduna