Sanarwa Kan Jinyar Baba

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Kamar yadda wasunku suka ji, Baba ya zame a banɗaki ranar Litinin da asuba yana shirin alwala, ƙashin kwatangwalonsa ya tsage. An sallamo shi, yana gida a Unguwar Rogo, sai dai Hajiya ce kaɗai ke ɗawainiya da shi dare da rana, alhali ita ma girma ya kama ta, ga ciwon gwiwa, kuma kun san ba za ta buɗe baki ta ce ta gaji ba.

Saboda haka za mu haɗu a gidan ranar Asabar bayan La'asar domin raba kwanakin jinya. Ana roƙon kowane magidanci ya kawo naira 5,000 don sayen sandar dogarawa, da kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, da biyan mai gashin ƙashi. Maza za su riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, mata kuma su karɓi girki. Sanyin Jos ya kankama, mai bargo ya taimaka.

Allah ya ba Baba lafiya, ya bar zumunci.

Ɗan'uwanku, sakataren rukuni.